Katin da na kai gidan surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je unguwar Harobanda gaida Tanti Rabi, ƙanwar mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema da aure. Malamin tarihi ne ni a wani lise, wato babbar sakandare, na saba in yi magana kowa ya yi shiru, kuma tun ina yaro nake tsoron allura (wannan kam ban taɓa faɗa wa Hadiza ba).

Tanti tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce. Na tarar da ita tare da Hadiza. Muna gama gaisawa Tanti ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, ta ce, "Mushe, Hadiza AS ce. Kai ka yi gwajin amosanin jini?"

Wata uku Hadiza tana roƙona in yi, ina ce mata na yi tuntuni. Na gyara zaman hula, na zaro wani kati da aka ba ni tun ina jami'a, na miƙa da hannu biyu. "Tanti, ki kwantar da hankalinki. Ni A ne, har da plus a kai." Ban tsaya nan ba, sai da na ƙara musu da lacca kan mutanenmu da ke aure cikin jahilci.

Ta sa tabarau, ta juya katin gaba da baya. "Ɗana, wannan rukunin jini ne, na ranar da za a yi maka ƙarin jini. Wancan gwajin kuwa, abin da ka gada yake dubawa. Uwa ta ba da harafi ɗaya, uba ya ba da ɗaya. In ku biyu kuna da S, kowane ciki yana iya zuwa da ɗan da zai yi ta kwana asibiti. Na yi jinyarsu shekara da shekaru." Ta maido min katin. "Me kake koyarwa ma?"

"Tarihi," na ce, da ƙyar.

"Alhamdulillahi."

Hadiza ta shige ɗaki, ban sani ba ko dariya ce ko kuka.

Washegari Tanti da kanta ta raka ni labo, ɗakin gwajin jini. Allurar da na guje wa wata uku ba ta kai cizon sauro ba. Sakamako ya fito: AS. Muka yi ta shawara ni da Hadiza, ƙarshe muka haƙura da auren, kuma ya yi min ciwo fiye da yadda na nuna.

Yanzu in ɗalibi ya yi min tambayar da ban sani ba, cewa nake, "Ban sani ba." Sau biyu na gwada, ban mutu ba.