Atisayen Alhaji Mamuda Mai Siminti

Wani attajiri ne a garinmu, Alhaji Mamuda mai siminti, wanda Allah ya yi wa arziki ya kuma yi masa tumbi, har ba a san wanda ya fi wani bunƙasa ba. Shekararsa hamsin da biyu kacal, amma in zai tashi daga kan darduma sai ya dafa bango, ya yi nishi, ya kira sunan Allah sau uku. A masallacin unguwa tuni ya koma sahun masu salla a kujera, cikin tsofaffin da suka isa su haife shi. Duk faɗin garin mutum ɗaya ne ke iya duban tsabar idonsa ya gaya masa gaskiya, shi ne Dakta Haladu, ɗan kawunsa, wato taubashinsa, wanda tun suna yara ba su taɓa raga wa juna ba.

Ran nan jiri ya kwashi Alhaji a bakin shago, aka ciccibe shi sai asibitin Dakta. Aka gwada jininsa, aka ɗora shi a kan sikeli. Dakta ya gyara tabarau ya ce, "Mamuda, kilo ɗari da talatin da ɗaya. Buhun siminti biyu da rabi kake yawo da su, har da gyara. Jininka kuma ya yi hawan da ba a wasa da shi. Ka dai ga Yaya Sale, shekara huɗu ke nan ɓarin jikinsa a shanye, sai an kwantar an tayar. To hanyarsa ka ɗauko, kuma ka fi shi gudu. Na ba ka wata uku. Ka rage ci, ka motsa jikin nan, ka samu wanda ya san aikin ya riƙa sa ka. In ka dawo sikelin nan bai sauka ba, ka fara neman mai rubuta maka wasiyya."

Alhaji ya tsorata, tsoro na gaske, don duk Juma'a yana zuwa gaida yayan nasa, ya kuma san yadda ake goge masa yawu da tsumma. Ya fito daga asibitin, ya yi alkawari tsakaninsa da Allah cewa daga gobe sai motsa jiki.

Washegari bayan sallar asuba ya sa jallabiya da silifas, ya ce bari ya zaga unguwa da ƙafa. Bai yi taku hamsin ba mai shayi ya bar tukunyarsa ya zube yana gaisuwa. Gaba kaɗan wani mai babur ya ci birki ya ce, "Subhanallahi, Alhaji, mota ce ta lalace?" Kafin ya kai ƙarshen layi motoci uku sun tsaya za su rage masa hanya. Zuwa la'asar labari ya gama kasuwa cewa Alhaji Mamuda ya karye, an gan shi da sassafe yana tafiya a ƙasa yana haki. Wani dila har waya ya bugo daga Gusau ya yi masa jaje, ya ce dukiya ai ta Allah ce. Alhaji ya kashe wayar ya yi tsaki, ya rantse ba zai sake zubar da mutuncinsa a titi ba.

Sai ya yi abin da ya fi iyawa, wato sayayya. Aka share ɗaki guda a farfajiyar gida, aka sa masa sanyi, aka jibge keken motsa jiki da injin gudu da ƙarafan ɗagawa. Ya sa aka ɗinko masa riga da wando na 'yan wasa, shuɗi mai ratsin fari, don a kanti an rasa wanda zai shige shi. Sannan ya ba da sanarwa a majalisarsa cewa yana neman koci, amma ƙwararre, ba tarkace ba.

Wanda ya fara zuwa wani tsohon soja ne, Saja Maigari, mai horar da matasa a filin wasa na gari. Ya yi sallama a tsaye, ya miƙa hannu suka gaisa. Tun daga nan Alhaji ya fara shan kunu. Saja ya nemi takardar likita ya karanta, ya tambayi abin da ake ci safe da rana da dare, ya leƙa ɗakin injuna ya girgiza kai.

"Waɗannan sai nan da wata guda," in ji shi. "Yanzu tafiya za mu fara, minti ashirin a cikin gidan nan. Balangun yamma kuma daga yau an yi ban kwana da shi. Bisimilla, taso."

Alhaji ya taso. Suka fara zaga farfajiya, ga direba, ga maigadi, ga 'yan majalisa a kan tabarma sun zuba ido. Saja na biye da shi yana cewa, "Ɗaga ƙafa, Alhaji! Ba ɗaurin aure za mu ba! Kaɗa hannu!" Minti goma gumi ya jiƙe shuɗin wandon kashirɓan. Wannan ne gumi na farko da jikin Alhaji ya yi a shekara ashirin wanda ba na zazzaɓi ba, kuma da an bar Saja da ya ceci ran Alhaji. Amma ina. Alhaji ya zauna a bakin baranda yana numfashi sama-sama, ya ce a sallami Saja.

"Ba shi da tarbiyya," ya ce wa 'yan majalisa. "Ni zai yi wa tsawa a cikin gidana, a gaban maigadina?" Suka ce wallahi su ma abin ya ba su haushi, haƙurin Alhaji kawai suka gani.

Na biyu wani malamin wasanni ne na sakandare, ya zo da takardun shaidarsa a cikin leda. Shi ko minti biyar bai yi ba, don cewa ya yi Alhaji ya kwanta rigingine a kan tabarma ya ɗaga ƙafafu. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "In kwanta a ƙasa kana tsaye a kaina? Yaro, ɗan gidan waye kai?"

Na ukun shi ne Shamsu. Takarda ko ta haihuwa bai zo da ita ba, sai faɗin ƙirji da zaƙin baki. Tun daga bakin ƙofa ya cire takalmi, ya shigo a durƙushe yana "Allah ya ƙara wa Alhaji girma, Allah ya ja zamanin maigida." Alhaji ya waiwayi 'yan majalisa ya ce, "Kun ga wanda ya san aiki." Aka ɗauke shi nan take.

Shamsu ba wawa ba ne, ya riga ya ji yadda na gabansa suka ƙare. Ranar farko ya lallaɓa Alhaji ya hau keke. Minti biyu da fara murzawa ya ga fuskar maigida ta soma haɗewa, sai ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan sauko in nuna maka yadda ake yi." Alhaji ya sauko da sauri, aka jawo masa kujera mai laushi. Shamsu ya hau ya murza. Alhaji ya ce, "Ban gama ganewa ba, ƙara nuna min." Nunin nan sai da ya ɗauki awa guda cur. Da aka tashi, Alhaji ya ji jikinsa sakayau, ba ciwon gwiwa, ba haki, ya ce lallai yau an yi aiki.

Washegari ma nuni aka yi. Jibi ma haka. Shamsu ya bayyana masa cewa su manyan mutane ido ake fara horar musu, in ido ya ƙoshi sai jiki ya ɗauka a hankali. Maganar nan ta shiga kan Alhaji daram, don shi ma ya daɗe yana zargin haka.

Daga nan abu ya zauna. Kullum ƙarfe bakwai na safe Alhaji zai fito cikin shuɗin kayansa, tawul a wuya, usur a baki. Ya harɗe a kujera ya hura usur, Shamsu ya hau injin gudu. Ya sake hurawa, Shamsu ya koma ɗaga ƙarfe, Alhaji na ƙirga masa da ƙarfi: "Sha tara! Ashirin! Ƙara goma, ban da lalaci!" In an gama, sai a shigo da masa da miyar taushe da kwanon fura, wai don a mayar da abin da aka ƙona. Shamsu ya sha ruwa da 'yar ayaba ɗaya, Alhaji ya ji da sauran. A kasuwa kuwa ba a isa a zauna lafiya ba. Duk wanda ya zo sayen siminti sai ya sha wa'azi a kan muhimmancin atisaye, da yadda ake gane koci nagari tun daga gaisuwarsa.

Wata uku suka cika. Alhaji ya shirya tsaf, ya tafi asibiti da Shamsu a bayansa a matsayin shaida. Ya hau sikeli yana murmushi, har da cire hula da agogo. Dakta Haladu ya leƙa, ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙawa. Sannan ya ɗaura masa abin gwajin jini, ya kalli lambobin.

"Ɗari da talatin da shida," in ji shi. "Ka ƙara biyar. Jinin kuma ya fi na da."

"Sikelinka ya lalace, Haladu. Wata uku, ko ranar Juma'a ba mu huta ba. Ga koci nan, tambaye shi."

Dakta ya dubi Shamsu, wanda ya ƙara murɗewa, wuya ya yi kauri, riga na neman yagewa a kafaɗa. Ya ce, "Samari, me da me yake yi?"

Shamsu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji yana ƙoƙari sosai wajen lura."

"Wajen me?"

Alhaji ya karɓe zancen cikin fushi. "Wajen lura mana! Shi yana yi, ni ina tsaye a kan aikin. Wace harka ce ba haka ake yin ta ba? Shekara talatin ina sayar da siminti, ka taɓa ganin buhu a kaina? Amma duk garin nan wa ake kira mai siminti? Gudun da yaron nan ya yi a gidana, da a titi ne da ya kai Legas ya dawo. Kana nufin duk wannan wahalar ta tafi a banza?"

Dakta Haladu ya mayar da tabaransa, ya taso ya dafa kafaɗar Shamsu, ya matsa damtsensa yana gyaɗa kai.

"A banza? Haba Mamuda, ko kusa. Ka riƙe shi da kyau, ka ma nemo uku irinsa su fara tun gobe. Makararka ba ƙananan ƙarti ne za su iya ɗaga ta ba."