Kekuna Uku da Sunan Hayatu

"Lahiya lau, amarya. Yau kuma wace tsiya kinka kwaso min?"

Malam Hayatu baduku ke nan a zaurensa, yake amsa gaisuwar jikarsa Khaula. Ita kuwa ta zauna kusa da shi tana dariya. Ta buɗe wurin ɗinka takalman fata a Sama Road, mai rubuta allo yana jira, kuma sunan tsohon take so a sa. In ya ce a'a, magana ta ƙare.

"Arziki na kawo maka, ango. Masana'antar Takalma ta Hayatu. Ya ka ji?"

"Masana'anta? Ɗaki guda da kekunan ɗinki ukku? Masana'anta ita ce wadda ake hango hayaƙinta tun daga Kwalkwalawa, ta busa jiniya gari shi tashi. Naki shago ne, kada ki ja min dariya cikin dukawa."

"In hayaƙi kake so, sai in kai ka wurin mai ƙosai. Inda fata ta shiga ta hito takalmi, mutum tara suna cin abinci, mi za a kira shi?"

"Shekara hamsin fata na shiga zauren ga tana hita, ba wanda ya taɓa ce min mai masana'anta."

"Kai da takalmi guda ke kai ka mako, rabi ɗinki rabi gyangyaɗi? Mu arba'in muke yi a wuni."

"Arba'in na banza! A taka sau biyu shi wage baki. Na sake ki, na koma ma tsohuwata Inno."

"Innon ma takalmina ne a ƙafarta."

Nan tsoho ya harzuƙa. "Miƙo shi nan!"

Ta miƙa masa ɗaya daga cikin takalman da ta zo da su. Ya tsoma shi a kaskon ruwa, ya murɗe kamar wanki, sannan ya kafa wa ɗinkin 'yan haƙoran da suka rage masa, ya ja har hularsa ta faɗi. Ko zare ɗaya bai motsa ba. Khaula ta ji kanta ya yi girma.

"Wa ya koya miki ƙullin ga?"

"Wani tsoho marowaci. Tun ina 'yar shekara shida nike leƙen hannunai."

Ya yi dariya har da ƙwalla. Ya laluba ƙarƙashin buzu, ya zaro basillar da ya gada wurin mahaifinsa, ya danƙa mata.

"Ki ce ma mai allo shi yi baƙaƙen manya-manya. Idona ya yi rauni, kuma daga tsallaken titi nike son in karanta."