Rijiyarmu Ta Ci Jarrabawa

Jama'a, yau ma da ƙafa na dawo daga layin mai, ina tura babur kamar akuya mai gardama. Tun hantsi nake gidan man Alhaji da ke bakin titin Gwarzo zuwa Kabo, sai bayan la'asar aka ce mana babu ko ɗigo. Na shigo gida a galabaice, na ce wa uwargida Uwaliya ta ba ni ruwa. Ta ce in na rijiya ne, to in ɗura wa babur, ya fi ni buƙata.

Ba raha take yi ba. Fetur ɗin da babu shi a famfo, yana nan a rijiyar unguwarmu da ke bayan katangar gidan man. Tankin Alhaji ne ya ɓule a ƙarƙashin ƙasa. Liman ya ce ruwan da warinsa ya canza ba ya alwala, shi ya sa a wannan zamani na Shari'a ga mu da rijiya cike muna taimama. Masu hali suna saye wurin 'yan garuwa. Marasa hali sai dai su tafasa su rufe ido su sha, irin maƙwabciyarmu Malama Irene, 'yar Filato mai koyarwa a firamare, wadda tsuke bakin aljihun gwamnati ya faɗa kan albashinta. Tun damina 'yarta Nanret ke fama da amai da ƙuraje. Wallahi duk sanda na ga yarinyar nan sai raina ya ɓaci.

Mun yi kuka har manya suka ji. Aka ce kwamiti zai zo daga birni ya auna ruwa da ƙasa, in an samu mai a ciki za a tone tankin, a haƙa mana burtsatse. Malama Irene har rawa ta taka.

Ran Talata suka iso, motoci reras, waɗanda ban san inda suke samun mai ba. Shugaban kwamitin, Mai Girma Sarkin Bincike, Allah ya ƙara masa tumbi, ya leƙo ta taga, ya hango taɓon bakin rijiya, ya dubi takalminsa, ya ce a wuce da shi zauren Alhaji. Can aka baje musu kaji. Daga nan aka aiko mana da kwalabe da leda, wai a cika da ruwa da ƙasa a kai musu.

Mai unguwa Datti ya miƙa wa Uwaliya kwalaben, tunda gidana ne kusa da rijiya. Ni kuwa ina ƙofar zaure ina ta "ranka ya daɗe", ko Allah zai sa a jefo mini cinya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to ni ko farin kan ban samu ba. Aka kawo kwalabe, aka manna musu takarda, kwamiti ya wanke hannu ya tafi.

Da na koma gida na ce, "Uwaliya, kin dai zura guga har ƙasa ko?"

Ta ce, "Wane guga, Malam? Baƙi su taso tun daga birni, in miƙa musu ruwa mai wari? A ce matan unguwar nan ƙazamai ne? Na randa na zuba musu, wanda muka saya, ga shi na turara randar da kajiji."

Na dafe ƙirji. "Ƙasar fa?"

"Rairayin taimamarka na ɗiba, wanda aka kawo daga rafi. Da ka so in kwaso musu caɓi?"

Innalillahi! Na ruga wurin mai unguwa, shi kuwa cewa ya yi, "Allah ya yi mata albarka, ta fitar da mu kunya."

Ba na ganin laifin Uwaliya. Haka uwarta ta koya mata, baƙo ba ya shan abin da ka raina. Wanda aka biya alawus don ya taka zuwa bakin rijiya, shi ne bai taka ba.

Shekaranjiya sakamako ya fito. An ce ba a taɓa auna ruwa mai tsabtar namu ba a duk yankin nan, ƙasarmu kuma garau take. Tanki yana nan inda yake, burtsatse kuma an ba waɗanda suka fi mu buƙata. Jiya da safe Malama Irene ta sa Nanret a motar Jos, ta tura ta wurin kakarta. Da ta dawo daga tasha ta tsaya ƙofar gidana, idonta jawur, ta ce, "Baba, in na bar ta a nan, binne ta zan yi."

Don haka duk mai son ganin rijiyar da ta zo ta ɗaya, bisimilla, ƙofa a buɗe take. Roƙona ɗaya ne, ya bar ashanarsa a gida.