Nomau da Lagireton Motar Yayansa

A wani ƙauye na bakin fadama, wanda sunansa ya kwance mini yanzu ko da yake na taɓa yin damina guda a cikinsa, akwai wasu 'yan'uwa biyu da ke zaune gida ɗaya. Babban shi ne Jatau, manomin tumatir, da matarsa Lantana. Ƙaramin shi ne Nomau, magidanci mai ƙarfi da ladabi, wanda bai taɓa ƙin aike ba. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ya ƙari, ba ya ragi.

Suna da tsohuwar mota akori-kura da suka gada daga mahaifinsu. Ita ke kai tumatir kasuwar birni, kuma da abin da aka sayar gidan ke ci har shekara ta zagayo. A shekarar da nake ba da labari, tumatir ya fara ja a fadama ke nan sai lagireton motar, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji, ya fara yoyo.

Wata rana da safe Jatau zai tafi lambu, sai ya ce, "Nomau, ka zuba wa lagireto ruwa sai ya cika." Nomau ya ce, "To, Yaya." Ya ɗauki buta ya zuba, ruwa ya bi ta ƙasa ya fita. Ya ƙara, ya fita. Ya juye randar tsakar gida, ya juye ta ɗakin girki, sannan ya koma rijiya da guga. Da Lantana ta fito ɗora tukunya, ta tarar ƙofar gida ta zama taɓo, agwagin maƙwabta suna wanka a ƙarƙashin mota.

Ta ce, "Ƙanin miji, shinkafa za ka shuka mana a nan?"

Ya ce, "Yaya ya ce sai ya cika. Bai cika ba tukuna."

Ran nan sai bayan la'asar aka ci abincin rana.

Wata rana kuma, wani direba da ya tsaya shan fura ya ba Jatau shawarar da direbobi ke ba juna: a sa ɗanyen ƙwai a lagireto, in ruwa ya yi zafi sai ƙwan ya daskare ya toshe hujin. Jatau ya ce, "Nomau, ka sa ƙwai a ciki, ka cika ruwa, ka tayar da ita." Nomau ya ɗauko ƙwan kaza ya ɗora a bakin lagireto, bai shiga ba. Ya gwada na zabuwa, shi ma ya ƙi. Sai ya zagaya gidan mai kiwon tantabaru ya roƙo ƙananan ƙwai, ya zura su a hankali don kada su fashe. Ya tayar da mota. Ba a jima ba tururi ya turnuƙe, tiyo ya kumbura, lagireto ya tsage daga sama.

Jatau ya zo a guje ya kashe inji. Ya ce, "Ka fasa ƙwan kuwa?"

Nomau ya ce, "Ko ɗaya ban fasa ba, Yaya. Na kula sosai."

Aka kira Ilu bakanike daga garin da ke gaba. Ya kwance lagireto, ya girgiza shi, dafaffen ƙwai ya faɗo. Ya ce, "Malam Jatau, wannan ya wuce liƙi. Sai dai a sayo wani, ko na gwanjo ne."

Wata rana, ina jin Talata ce, ko kuwa Laraba, Jatau ya kasa barin lambu saboda ana tsinkar tumatir, sai ya ɗaura tsohon lagireton a bayan keke. Ya ce wa Nomau, "Ka je birni wurin masu kayan gwanjo. Ka sayo irin wannan sak, kada ya bambanta da shi ko kaɗan." Nomau ya shiga layin masu kayan mota. Duk wanda ya nuna masa lafiyayye, sai ya jera su, ya duba, ya girgiza kai. Wani ya ce, "Malam, ai girmansu ɗaya, bakinsu ɗaya." Nomau ya ce, "Namu yana da tsaga a nan." Ya yini yana yawo, har wani mai tara tsofaffin ƙarafa ya tono masa wani daga cikin tarkace, mai tsaga a sama da huji a ƙasa. Ya dawo gida yana fara'a.

Lantana ta leƙa ta ce, "Kai, har tsatsar iri ɗaya ce. Da kai aka aika neman aure, da an sha kallo."

Jatau ya zauna a dakali ya dafe kai, don kwandunan tumatir sun fara taruwa a rumfa, na ƙasa sun fara laushi. Washegari shi da kansa ya tafi tare da Ilu, suka zaɓo mai kyau.

Wata rana, jajiberin kasuwa, Ilu ya zo da sifanoninsa ya ɗaura sabon lagireto. Yana cikin aiki ana ta aiko masa cewa wata motar ta mutu a hanya, saboda haka ya gama a gaggauce. Ya cika ruwa, ya tayar da mota, ta yi ƙara lafiya lau. Da zai hau babur ya ce wa Nomau, "Ka sa ido a ƙarƙashinta. In ka ga ɗigo ko ɗaya, kada kowa ya tayar da ita sai na zo."

Da gari ya waye aka loda kwanduna har suka fi kan motar tsawo. Jatau ya shiga ya zauna, ya laluba bai ji makulli ba. Ya leƙo sai ya ga ƙafafun Nomau sun fito daga ƙarƙashin mota.

"Nomau, ina makulli?"

"Yana aljihuna, Yaya. Akwai ɗigo."

Jatau ya durƙusa ya duba. Ɗigon ja ne, kuma daga bayan mota yake sauka. Ya ce, "Wannan ai ruwan tumatir ne, daga kwando yake."

"Ilu ya ce ɗigo ko ɗaya. Bai ce na mene ne ba."

"Fito, rana tana yi. Dillalai za su watse."

"Sai Ilu ya zo."

Jatau ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ja ƙafar Nomau. Nomau ya rungume ƙarfen ƙarƙashin mota, kuma na riga na ce mutum ne mai ƙarfi. Lantana ta kawo koko ta ajiye nesa kaɗan ko zai fito, ya ce ta turo masa ciki. Da Jatau ya ga rana na dukan kwanduna, sai ya hau keke ya tafi ɗauko Ilu.

Ilu ya zo yana mita, yana cewa an raba shi da aikinsa a kan shirme. Ya ce, "Matsa in nuna maka, Nomau, ko ka bar mutane su huta." Ya kwanta ya shiga, ya dangwali ɗigon ya ɗanɗana. "Tumatir ne. Ka ga nan gaba ai a bushe yake, ko..." Sai ya kai hannu ga tiyon ƙasa, wanda ke kai ruwa daga lagireto zuwa inji, ya ɗan ja shi. Tiyon ya zame a hannunsa, ruwa ya kwararo masa a fuska. Ƙarfen da ke ɗaure bakin tiyon yana lilo, jiya bai ɗaure shi ba.

Jatau ya ce, "Da mun tafi fa?"

Ilu ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Ramin farko zai cire shi. Kafin ka lura inji ya buga, kuna tsakiyar daji da kayanku." Ya karɓi sifana ya ɗaure, ya sake jijjigawa, ya cika ruwa da hannunsa.

Nomau na kwance yana kallo. Ya ce, "Malam Ilu, har yanzu wancan jan yana ɗiga."

Ilu ya ce, "Na zo, na gani. A tayar da ita."

Sai Nomau ya fito, ya kakkaɓe riga, ya miƙa makulli. Ya nufi baya zai hau kan kwanduna, Jatau ya buɗe masa ƙofar gaba ya ce ya shigo nan. Sun isa birni rana ta take, amma dillalai ba su gama watsewa ba, kuma kafin la'asar babu kwandon da ya rage a motar.