Yadda Ake Zaman Natsuwa Tsakanin Mai Walda da Mai Niƙa

Babu hayaniya a duniya, sai dai kunnen da bai samu tarbiyya ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina nazarin wannan batu, kuma ina ba ka tabbaci: in ka bi matakan nan, ko cikin injin niƙa aka ajiye ka za ka fito da hankali garau kamar ruwan randa. Shaidata maƙwabcina ne, akawu a wani ofishi, wanda gidansa ke tsakanin shagon mai walda da rumfar mai niƙa. A da ko cokali ya faɗi sai ya yi tsaki. Da shi zan riƙa ba ka misali.

Mataki na 1: Naɗe ƙafa

Kada ka nemi wuri mai shiru. Shiru na masu hali ne. Hau doguwar kujerar falo, ka naɗe ƙafafu sama, yadda babu abin da zai haɗa ka da ƙasa. Duk damuwar ɗan Adam daga ƙasa take tasowa. Haka Akawu ya yi ranar wata Asabar da hantsi, ya miƙe baya, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya lumshe ido.

Mataki na 2: Ce wa iyali "to"

Da zarar ka rufe ido, iyalinka za su tuna da kai. Matar Akawu malamar makaranta ce. Ta fito da mayafi za ta asibiti duba ƙanwarta.

"Baban yara, famfon banɗaki a buɗe na bar shi, kwana huɗu ke nan ba ruwa. In ka ji ya zo, ka tara ka rufe."

"To."

"Ga takardun jarrabawar 'yan ajina nan a kan tabarma, na ware su kashi-kashi. Ko rabi ban duba ba, kuma Litinin shugaban makaranta yake son sakamako. Kada a taɓa mini."

"To."

"Kana jina kuwa?"

"Ina jin komai, Malama. Aikin ke nan."

Lura da kyau: "to" ba alkawari ba ne. Ƙofa ce da mai ladabi ke rufewa ba tare da ta yi ƙara ba.

Mataki na 3: Numfashi

Shaƙa, riƙe, saki. In hayaƙin janaretan mai walda ya biyo iskar, karɓe shi. Shi ma baƙon huhu ne.

Mataki na 4: Raɗa wa kowane sauti suna, ka sallame shi

Nan ne zuciyar ilimin. Jahili in ya ji ƙara sai ya tashi ya leƙa. Kai kuwa ka kira sunanta a ranka, ka bar ta ta wuce.

Mai walda ya kama yankan ƙarfe. "Ƙarfe," in ji Akawu a zuci, ya wuce. Mai niƙa ya tayar da injinsa. "Inji." Mai tallar magani ya tsaya da lasifika daidai taga, yana lissafa cututtukan da Akawu yake da uku daga cikinsu. "Talla." Ya wuce.

Sai famfon banɗaki ya yi tari sau biyu, kamar dattijon da zai fara jawabi. "Tari." Matan layi suka ɗau kiran juna, bokitai na karo. "Bokiti." Daga nan wani sauti mai daɗi ya biyo baya, shaaa, kamar ƙorama a cikin daji. Akawu ya yi murmushi. Wata uku yana wannan zama, yau ne karon farko da duniya ta saka masa da alheri.

Mataki na 5: Kada ka ba tunani tabarma

Tunani baƙo ne marar kunya, in ka yi masa shimfiɗa sai ya kwana. Wani ya leƙo wa Akawu: kamar fa Malama ta ce wani abu. Ya dube shi ba fushi ba fara'a, ya ce "tunani," baƙon ya kama gabansa. Wanda bai ƙware ba da tuni ya diro daga kujera, ya yi asarar zaman gaba ɗaya saboda famfo.

Mataki na 6: Gane alamar nasara

Can sai ƙarar walda ta ɗauke ɗif. Akawu ya san ya kai matsayin da littattafai ke faɗa, inda hayaniya ke narkewa da kanta. Daga baya wasu marasa ilimi sun ce mai walda ne ya kashe injin don ruwan da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar Akawu ya kai ga wayoyinsa. Kada ka saurari irin wannan bayani. Sun kuma ce ya buga ƙofa yana cewa, "Akawu, kana ciki? Gidanka na ambaliya." Maganar mutum ma sauti ce. Koma mataki na 4.

Mataki na 7: Buɗe ido a hankali

Abu na farko da ka gani, kalle shi ba tare da yanke hukunci ba. Akawu ya ga silifas ɗinsa ɗaya yana tafiya shi kaɗai zuwa kicin. Ya ga takardu suna binsa a layi. Ya ga Malama a bakin ƙofa, ta tattare zani, mai walda na leƙe ta bayanta.

"Ka ji ruwan ya zo?" ta tambaya.

"Na ji."

"Sai ka yi me?"

"Na bar shi ya wuce."

"Ai kuwa ya wuce," in ji mai walda. "Har titi."

Malama ta shiga ta rufe famfo.

Gargaɗi

Ni natsuwa na yi maka alkawari, kuma Akawu ya same ta: ko gefen wandonsa bai jiƙe ba. Ban taɓa cewa komai game da tabarma, takardun jarrabawa, ko zaman lafiyar aure ba. Duk abin da ya wuce ta gabanka kana zaune, tsakaninka da shi ne, kada a neme ni.

Da la'asar na leƙa ta katanga. Mai walda ya koma aiki, mai niƙa bai fasa ba, Akawu na tsakar gida yana yi wa mai tallar magani bayanin mataki na 4. Malama kuwa tana tsaye gaban igiyar shanya, tana ɓanɓare takardu ɗaya bayan ɗaya, tana maƙala su kusa da rigunan yara. Ta ɗaga wata ga rana, ta daɗe tana neman sunan mai ita a cikin tawadar da ta zube. Duk ƙarar nan ko waiwaye ba ta yi ba. Ban san wa ya koya mata ba, ni dai ba ni ba ne.