Ranar da Na Bar Inna a Filin Jirgin Legas

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba, ko da na so. Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, wayar salula ba ta zo ba tukuna. Matar yayana Sani ta haihu a Legas, ya aiko wa mahaifiyarmu Inna tikitin jirgi. Abu ɗaya ya roƙe ni: da jirgi ya tashi in buga masa waya ofis, ya je ya tarbe ta. Inna ba ta jin kowane yare sai Hausa, kuma nesa da unguwarmu Yakasai ba ta taɓa wuce Zariya ba.

A lokacin ni malamin labarin ƙasa ne (ku riƙe wannan, don Allah). Jirgi kuwa ban taɓa shiga ba, sai dai in ɗaga kai in gan shi. Amma na yi lissafina: motar Legas kusan kwana take yi, to jirgi komai gudunsa ai ya yi awa shida. Da Inna ta tambaye ni, haka na faɗa mata da ƙarfin gwiwa, har na sa ta ƙara dambu a jaka.

Jirgi ya tashi sha ɗaya na safe. Na dawo gari hankali kwance, na ci tuwo, na yi aski, na tsaya gardamar siyasa a majalisa. Sai bayan La'asar na shiga shagon buga waya, cike da mutane.

"Yaya, Inna ta taso, za ta sauka wajen biyar."

"Ta taso yaushe?"

"Sha ɗaya."

Ya yi salati da ƙarfin da duk shagon ya ji, ya kife wayar. Wani Alhaji mai fataucin goro da ke bayana ya taɓa kafaɗata. "Malam, ai awa ɗaya da rabi ce. Tun kana hanyar gida tsohuwa ta kusa sauka." Wani kuma ya ce, "Ba shi ne ke koyar da 'ya'yanmu taswira ba?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Yaya ya same ta dab da Magariba, zaune a kan jakarta. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, Azahar da La'asar sun wuce ta, don tana tsoron ta matsa a zo a rasa ta.

Da ta dawo na durƙusa ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Da muka sauka da wuri, ce musu na yi ba nan ba ne, ɗana ya ce awa shida, kuma malami ne."

Wallahi gara ta mare ni. Har ta rasu ba ta ƙara yarda ta shiga jirgi ba, kuma na san ni ne sila. Tun daga ranar na koyi faɗin "ban sani ba", ko da ɗan aji ɗaya ne ya tambaye ni.