Yadda Za Ka Zagaya da Surukinka Gidan Tarihin da Ba Ka Taɓa Shiga Ba

Kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Duk direban tasi da ya bi matakan nan, na yi masa alkawarin zai fita kunyar surukinsa, ko da abin da ya sani a garin bai wuce inda ake faka mota ba.

Bari mu faɗa wa juna gaskiya tukuna. Ka ɗauko 'yar mutane ka kawo ta can ƙuryar arewacin duniya, garin da rana ke leƙowa lokacin sanyi ta koma kafin la'asar. Kai kana bisa titi tun asuba, ita tana bene ita da na'urar ɗumama ɗaki. Muryarta ta canza a waya, mahaifinta ya lura, ya hau jirgi ya zo, wai ziyara. Ba ziyara ba ce. Ya zo ya gani ne ko zai bar maka 'yarsa ko zai koma da ita. Kai kuwa bakinka ya riga ya ja maka, don ka sha gaya masa duk ƙarshen mako kuna yawon gidajen tarihi. Jiya ya ce, "To ɗana, gobe sai ka kai ni wanda kuka fi zuwa."

Mataki na 1: Zaɓi inda ka fi sauke fasinja

Kada ka nemi shawarar matarka. Mutumin da ya san kowane lungu na garin nan ba ya tambaya a cikin gidansa. Tuna da dogon ginin nan na bakin teku, inda 'yan yawon buɗe ido ke fitowa hanci jawur su faɗa motarka. Abin da ka tsinta a bakinsu ya ishe ka jari: akwai tsohon jirgin ruwa, akwai ƙashin wani ƙaton kifi, akwai shayi mai ɗan karen tsada. In ka ambaci wurin matarka ta ɗago ta yi maka wani kallo, ka ɗauka burge ta ka yi.

Mataki na 2: Shiga da ƙarfin hali

Ƙofa ɗaya ka sani, wadda tasi ke jira a gabanta, kuma ta fita ce. Je ka tura ta. Ba za ta buɗe ba. Ja ta. Sa kafaɗa, ka zagi sanyi. Matarka za ta ce a hankali, "Ta can gefe ake shiga." Ka ce, "Na sani, ginin nake nuna wa Baba."

A ciki za ka ga ta nuna wani kati ta wuce, kai kana layi. Kada ka tambaya. Za ka ga akwatunan ajiye rigar sanyi, kafin ka gama karanta yadda ake kulle su ta riga ta ajiye tata da ta mahaifinta. Ka bar taka a jikinka, ka ce mura ke neman kama ka. Gumi ba ya kisa, amma a gan ka kana kokawa da akwati a gaban suruki, wannan yana iya kisa.

Mataki na 3: Yi bayani kafin a tambaye ka

Harɗe hannuwa a baya, ka riƙa tafiya kamar wanda ya gaji da ganin wurin. Duk inda kuka tsaya, gyaɗa kai ka ce, "Mutanen da ke nan." Ba wanda ya taɓa musa wannan magana.

Matsalar ita ce surukinka mutum ne mai tabarau da haƙuri, irin masu tsayawa gaban cokali su yi ta nazari. In ya nuna abu ya tambaye ka, amsa ɗaya ce: na kamun kifi ne. A garin nan kusan komai na kamun kifi ne, za ka ci sau da yawa. Sai ya nuna wani ƙaramin abin katako mai kama da kwalekwale.

"Wannan fa, ɗana?"

"Na kamun kifi ne, Baba. Ƙananan kifi."

"Gadon jariri ne, Baba," in ji matarka.

Kada ka girgiza. Ka ce, "Ai jariran masunta ne." Ka yi gaba da sauri zuwa wurin wani farin beyar, ƙaton naman dajin ƙasar ƙanƙara, da aka cusa wa ciyawa, amma kada ka jingina da gilashinsa. Akwai ƙararrawa, kuma ƙararta tana kaiwa har wurin shayi.

Mataki na 4: Kula da wayarka

Za ta yi ta ƙara a aljihu, kowace ƙara fasinja ne zai faɗa hannun wani. Na san yadda abin ke cin rai. Zagaya bayan tsohon jirgin ruwan kamar mai duba aikin kafinta, ka leƙa. Sau ɗaya kawai. To, sau biyu. In ka ɗago ka ga surukinka yana kallonka ta tsakanin katakan jirgin, ɗaga wayar sama ka ce hoto kake ɗauka na tarihi. Ba zai ce komai ba. Masu hikima sun tabbatar shirun suruki alamar gamsuwa ce, ko da yake ba su faɗi gamsuwa da me ba.

Mataki na 5: Guji tsohuwar ɗakin ƙarshe

Ma'aikaciyar wurin ce, mai furfura, tana zaune bakin ƙofa tana gadin kada a taɓa kaya. Shawarata ka ce an rufe ɗakin ana gyara. Amma ba za ka samu dama ba, don tana hango matarka za ta miƙe ta rungume ta. Za su kama hira da yaren garin, matarka na amsawa tiryan-tiryan, har da dariya, irin dariyar da ka manta tana da ita. Kai kuwa yarenka bai wuce "ina za ka" da "mun iso" ba. Tsaya kana murmushi kamar kana bin zancen.

Tsohuwar za ta dube ka sama da ƙasa, ta ƙara wata magana. Nan surukinka zai sa baki.

"Uwata, me take cewa?"

"Gaisuwa ce, Baba."

"Gaisuwar ta yi tsawo."

Matarka za ta sunkuyar da kai. "Cewa ta yi ta ji daɗi, ashe ina da miji. Wai ta ɗauka rasuwa ya yi, nauyin tambaya take ji."

Ka riga kowa yin dariya. Za ka ga kai kaɗai ne ka yi, amma ka ƙarasa ta, barin dariya a rabi ya fi muni.

Mataki na 6: Kada ka yi kishi da katako

A ɗakin nan an gina gidan masunci na zamanin da, da murhunsa da fitilarsa. An sassaƙa mutanen gidan da katako: mata na yanka burodi, yara a gefen tebur, maigida na zaune kusa da ita yana gyaran raga. Gabansu akwai wani ɗan benci. Matarka za ta zauna a ƙarshensa ba tare da ta duba ba, yadda mutum ke zama a kujerar ɗakinsa.

"Nan kike zuwa?" in ji mahaifinta.

"Nan ne, Baba."

"Kullum?"

"In ban da ranar da suke rufewa."

"Me kike kallo a nan haka?"

"Ba komai. Akwai ɗumi, akwai haske." Za ta dubi mutanen katakon. "Su kuma kullum suna gida."

Yanzu abin da zai lulluɓe ka ba rigar sanyi ba ce. Kunya ce, da baƙin ciki. Za ka so ka yi bayanin haya da man mota da inshora, kuma duk gaskiya ne. Za ka so ka ce wannan masuncin ba ya biyan komai, zama kawai ya iya. Haɗiye. Ba a taɓa jin wanda ya yi gardama da katako ya ci ba.

Mataki na 7: Tuƙa su gida

Wannan kam fagenka ne. Duhu ya riga ya shiga tun ana la'asar, titi na santsi, sai ka zuba wa hanya ido. Surukinka na gaba, hannuwa bisa gwiwa. Ba zai yi faɗa ba, da ma ya yi. Sai kun tsaya a wata danja zai ce, yana kallon gilashi, "Jirgina jibi ne. Na tambaya, an ce akwai kujera kusa da tawa. Ni dai ba zan ce mata komai ba, ba kuma zan hana ta komai ba."

Ka ce, "Allah Ya kai mu, Baba."

Gwanaye sun hana tambayar mace abin da ba ka shirya jin amsarsa ba. Na san ba za ka ji ba. Za ka bari tsohon ya yi gaba a matakala, ka tare ta a ƙasa.

"Za ki bi shi?"

"Ban yanke ba."

"To yaushe za ki yanke?"

Za ta karkaɗe ƙanƙarar takalminta, ta dube ka ba fushi ba murmushi. "Ka zo ka tambaye ni gobe da azahar. Yanzu ai ka san inda nake zama."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin kai ka gidan tarihi ya fito da kai, kuma ya cika. Abin da ya biyo baya ba ruwansa. Yana dai tuna maka gobe da azahar ne babban jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ke isowa, ranar da kowane direba a garin nan ke jira duk mako. In ka bi layin tashar, kada ka zo kana nemansa jibi in ka dawo daga filin jirgi kai kaɗai a mota. In kuma ka kashe waya ka je ka zauna a bencin nan, to ka sani ba ya cikin matakan, kuma bai san me ake cewa ba in an zauna. Wannan sai ka nemo da kanka.